Matar Bawa Ta Rufe Gulbi

Gulbin da ke tsakanin Isa da ƙauyukan bayan Bafarawa ba ya neman shawarar kowa. Sai a wayi gari sama garau, ko ɗigo bai sauka ba, amma ruwan da aka tafka a Zamfara shekaranjiya ya iso ya cika Mashigin Tsamiya har baki. 'Yan kabu-kabun tashar Isa sun san haka tun suna goye. Sun kuma san akwai gada, can nesa, a inda ya yi wa ɗan kwangila daidai. Wanda ya bi ta can zai ƙona mai, ya ƙona safiyarsa, ya isa kasuwa masu saye sun riga sun ɗaure aljihu. Saboda haka mashigi suke bi.

In mutum ya iso bakin ruwa ya tarar ya hau, hankali zai ce masa ya juya. To amma akwai mashina a bayansa, a kan kowane akwai idanu biyu, kuma duk Gobirawa ne, jikokin mutanen da aka ce ba su taɓa ba abokin gaba baya ba. Wanda ya je ya ga kufan Alkalawa, tsohon birninsu da aka ci da yaƙi, zai iya yin tambaya a kan wannan magana, sai dai ba a karatun tarihi a bakin gulbi. Kai ake sunkuyarwa, a murɗa mai, a shiga.

Bawa yana cikin masu shiga. A gida mutum ne mai sanyi, wanda 'yarsa Hadiyya ke hawa kamar jaki, amma sunan jarumin sarkin Gobirawa da aka raɗa masa ya fi ƙarfin wuyansa. Bara ya dawo gida a ƙafa, mashin ɗinsa na biye a kan amalanke, tufafinsa cike da yashi, tafin hannunsa a yayyage saboda saiwar da ya riƙe har aka jawo shi. Matarsa Sadiƙa ba ta yi kuka ba. Ta dafa masa ruwa, ta gasa masa jiki, sannan ta tambaye shi abin da ya hana shi juyawa tun da ya ga ruwan da idonsa. Ya ce idon mutane ne. Daga ranar abu ɗaya ya tsaya mata a rai: kada mijinta ya sake shiga ruwan da ya fi ƙarfinsa don kawai ana kallonsa.

Sadiƙa ta yi karatun kwamfuta a Sakkwato. Ta fito da difloma, diflomar kuma ta kai ta inda difloma ke kai mutum a wannan ƙasa, wato shagon cajin waya da buga takardu. Taga aka fasa a zauren gidansu, tana kallon tasha, aka ɗora faifan sola a rufi. Kusan duk wayar da ke tashar a hannunta take cika. Ta san 'yan kabu-kabu suna da zaurensu na hira a waya, ta kuma san abin da ke ciki: barka da Juma'a, hoton wani malami, tallan maganin basir, da saƙon murya mai tsawon huɗuba. Ko da wani ya yi maganar gulbi a ciki, kafin a gani addu'o'i sun binne ta.

A wani dandali na masu koyon haɗa manhaja ta fara jin labarin wani kayan aiki na gina shafin intanet. Abin da aka koya musu a makaranta shi ne gina shafi irin allon sanarwa, a rubuta a kafa, ya tsaya yana kallon jama'a kamar hoton ɗan takara. Wannan kuwa, in ji su, da shi ake gina shafin da ke ji in an taɓa shi, ya sauya nan take, ya kuma riƙe abin da aka gaya masa. Kyauta ne. Masu shi ba su yi ƙarya ba, sai dai jagorar da suka rubuta an rubuta ta ne a ƙasar da ba a ɗauke wuta, kuma tun a shafin farko suka yi alkawarin cewa kafin shayi ya huce mutum ya gama shiri.

Layi ɗaya ake rubutawa a baƙin allo a danna, sai kwamfuta ta shiga jawo ƙananan fayiloli bila adadin daga intanet. Sabis ɗin Isa kuwa gaisuwa yake iya ɗauka, da hoton jariri in an yi haƙuri. Da kayan sun kai rabi sai ya yanke, jan rubutu ya cika allo, a koma farko. Ita kanta kwamfutar 'yar Maraɗi ce, yayanta mai fatauci ya sayo mata, haruffanta a jeren Faransa, alamomin da aikin ya fi bukata kuwa an ɓoye su kamar kayan fasa-ƙwauri. Ta gwada da safe, ta gwada da azahar lokacin da gari ke barci. Data ta ƙare, ta sake saye, ta sake ƙarewa. Bawa ya ce mata cikin ladabi ko za ta bari sai gwamnati ta gyara sabis. Ta ce to, in an gama gyaran gada.

Haihuwa ce ta cece ta. 'Yar Inna Larai, ƙanwar mahaifiyarta, ta sauka a Burkusuma, aka aiko da goron suna. Bawa ya ɗauke ta a mashin, jakar kwamfuta a ƙirjinta ƙarƙashin hijabi, suka bi ta Sabon Birni a kan hanyar da ba a ambaton abin da ke cikinta, sai dai a yi addu'a a wuce. A Burkusuma, da yake bakin iyaka ce, waya sabis ɗin Nijar take kamawa, kuma a tudun bayan rumbuna ya fi ƙarfi. Sadiƙa ta ga jariri, ta yi barka, ta ajiye atamfa da sabulu, ta ari layin Inna Larai, ta sulale. Ta kife turmi a inuwar rumbu ta ɗora kwamfutar.

Mata na cikin gida ana rabon waina da naman rago, ita tana kallon wani ɗan layi yana rarrafe daga hagu zuwa dama. Inna Larai ta leƙo sau ɗaya, ta tsaya riƙe da ƙugu, ta tambaye ta ko suna ta zo ko duba, in kuma duba ne a duba mata wanda ya sace mata zabbi. Sadiƙa ta ce ana kai. Layin ya kai inda ya saba mutuwa, ya tsaya. Sai ya wuce. Ya kai ƙarshe, rubutu ya fito, kuma a karo na farko ba ja ba ne.

Ta rubuta layi na biyu kamar yadda jagorar ta ce. Shafi ya buɗe, na gwaji, ba komai a cikinsa sai wani tambari da ke juyawa da maɓalli ɗaya mai ƙirga. Ta danna, lamba ta sauya. Ta sake dannawa, ta sake sauyawa, shafin ko ƙiftawa bai yi ba. Ta koma cikin rubutun, ta nemo kalmar Turancin da ke sama, ta goge, ta sa sunan Hadiyya. Kafin ta ɗaga yatsa sunan ya bayyana a ɗaya gefen, kamar an kira yarinyar ta amsa. A daidai lokacin aka rangaɗa guɗa a cikin gida saboda jariri. Sadiƙa ta karɓa a matsayin tata.

Da suka koma Isa aiki ya yi sauƙi, tun da kayan suna cikin kwamfuta. Ta gane cewa da tubala ake ginin. Kowane yanki na shafi ana yin sa daban, a ba shi suna, sannan a jera. Ta yi tubalin tambaya, wanda ke cewa, "Yaya hanyar mashigi?" Ta yi maɓallai biyu, kore mai cewa "Lafiya lau", ja mai cewa "Ba lafiya". A sama ta sa amsar ƙarshe da sunan wanda ya ba da ita. Ta sami wurin ajiya na kyauta a intanet ta ɗora, ta matse shafin har ya zama mara nauyi yadda sabis ɗin Isa zai iya ɗaga shi. Duk wanda ya ƙetare sai ya danna ɗaya, na baya su gani tun suna tasha.

Bawa ne ya kai maganar gaban Alhaji Sodangi, ciyaman ɗin tasha, tsohon direban mashin da ya yi Illela da Madawa tun kafin a haifi rabin yaransa. Sodangi ya juya wayar, ya tambaya ko akwai kuɗin rajista. Aka ce babu. Ya ce to abin da ba shi da kuɗin rajista ba ya cutarwa. Shafi ya shiga wayoyi. Wanda ba shi da babbar waya yana leƙa ta maƙwabci. Damina ta kankama, kullum Sadiƙa ta duba sai ta ga kore, da sunan wani a ƙasa. Marka ta zo, gari ya jiƙe har katangu suka fara zama, shafi yana nan kore. Ta ɗauka Allah ne ya kawo shekara mai sauƙi.

Hafizullahi baƙo ne a tashar, daga Kurawa ya zo, bai san halin mashigin ba. Ranar kasuwar Bafarawa aka ɗaura masa buhunan sukari na wani ɗan tireda. Ya duba waya, ya ga kore, ya ga sunan Jamaluddeen, wanda kowa ya san tsohon hannu ne. Da ya iso bakin ruwa ko ƙafa bai sauke ba. Masunta ne suka tsamo shi, suka tsamo mashin da yamma. Sukari kuwa ya tafi Gulbin Rima ba sallama. Kafin magariba 'yan tasha sun gama cewa gulbi ya sha shayi, saura burodi.

Washegari Sodangi ya tara su a ƙarƙashin dogon yaro. Ya ce daga yau duk wanda aka kama ya buɗe shafin nan a tasha ya rasa layinsa na ranar. Wani daga baya ya raɗa wa shafin suna Maƙaryaciya, sunan kuma ya zauna. Bawa ya shigo gida, ya ci tuwo ya yaba miya, abin da bai saba ba. Sadiƙa ta gwammace ya yi faɗa. Abin da ya fi ci mata rai ba sunan ba ne. Ta lura cewa abin da ta gina don mutum ya sami dalilin juyawa shi ne ya ƙwace ɗan dalilin da yake da shi. A da mai tsoro zai iya cewa ruwan ya yi yawa. Yanzu waya ta ce lafiya lau, wa zai juya?

Ta koma cikin rubutun tana neman kuskure. Ta bi layi-layi, ta ɗauka ko jan maɓallin ne ba ya aikawa. Ta danna shi daga wayarta, ya aika, shafi ya yi ja. Ta gwada da wayar Bawa, haka. Ba abin da ya lalace. Jan maɓallin lafiyarsa ƙalau, tun da aka ɗora shi dai ba ɗan kabu-kabun da ya taɓa shi.

Tana cikin wannan hali wata hantsi Jamaluddeen ya zo karɓar wayarsa. Dogo ne, mai murya kamar ta sanƙira, kuma ba ya tafiya ba masu sauraro. Ya jingina da tagar yana ba wasu mutum biyu labarin wata ƙetarawa da ya yi. Ya ce ruwa ya shanye taya, ya shanye salansa har tana gurnani kamar raƙumi. Ya sunkuya ya sa hannu a ƙwaurinsa, ya ɗaga zuwa gwiwa, ya ɗaga zuwa cinya, ya ɗan yi tunani ya ƙara taƙi ɗaya.

Sadiƙa ta miƙo wayar ba ta saki ba. "Malam Jamalu, wace rana ke nan?"

"Ranar da gulbi ya sha shayi mana. Ni na hwara ƙetarewa da sahe."

"Kuma kai ka danna lafiya lau."

"Awo."

Ta tsaya tana kallonsa. Shi ma ya dube ta, da mamakin gaske, kamar wanda aka zarga da yin sallama.

"To Malama, mi za ni danna? Na hita da raina, mashin bai mutu ba. Ki tambaye ni lahiya in ce ba lahiya? In yi ma Allah butulci don in daɗaɗa ma waya? Ko gawa anka aje cikin gida, kinka gaida mai gidan, lahiya lau za shi ce miki. Sai an zamna sannan a yi bayani."

Ya karɓi wayarsa ya tafi, labarin ya bi shi, ruwan kuma yana ƙara hawa.

Sadiƙa ta zauna. A garin nan aka haife ta. Ita kanta ranar da take naƙudar Hadiyya, ungozoma ta tambaye ta jiki ta ce da sauƙi, tana cizon zane. Ta sha faɗin lafiya lau a gidan makoki, a gadon asibiti, a ranar da aka kwashe wa mahaifinta shanu. Ta je Sakkwato ta karanta littattafan mutanen da in an tambaye su yaya suke sai su faɗa, ta dawo ta gina wa mutanenta gaisuwa, ta zauna tana jiran shaida. Kuma ko da an cire maganar godiyar Allah, wane Bagobiri ne zai sa sunansa a ƙarƙashin jan rubutu duk tasha ta karanta cewa ruwa ya ba shi tsoro?

Amma hannun Jamaluddeen ya tsaya mata a ido. Mutumin da ba zai ce ba lafiya ba ko da wuƙa a wuya, ga shi ba wanda ya tambaye shi yana auna ruwan a jikinsa, har da ƙari. Girman kan da ya rufe masa baki shi ne ke buɗe shi, in dai an bar shi ya yi alfahari.

Da la'asar ta sa Bawa ya jingina mashin da bangon zaure, ta ɗauki hotonsa daga gefe. Ya tambaya ko sayarwa za ta yi. Ta ce tukuna. Ta goge bangon daga hoton, ta bar mashin shi kaɗai, taya da salansa da inji da tanki duk a fili. Ta rushe tsohon shafin ba ta bar ko tubali ɗaya ba. Ta koma babin jagorar da ta tsallake a da saboda gaggawa, wanda ke bayanin abin da shafi ke riƙewa a ransa. Ta karanta shi a hankali, tana duba kalmomi a ƙamus. Ashe abu ɗaya ake ba shafi ya riƙe, sauran tubalan duk daga gare shi suke sha, in ya sauya su sauya tare. Ta ba shi zurfin ruwa ya riƙe.

Ta yi tubalin mashin, ta yi tubalin ruwa, shuɗi mai ɗan haske yadda ana ganin ƙarfe ta cikinsa, ta haɗa shi da yatsa. Gwajin farko ruwan daga sama ya sauko, ya rufe tanki ya bar taya a bushe, domin kwamfuta daga sama take fara awo, kamar mai rabon muƙami. Ta yini kafin ta gane inda za ta juya lissafin. Da ta juya shi, ta sa yatsa a ƙasan allo ta ja sama, ruwa ya taso ya lashi taya, ya hau salansa, ya tsaya inda ta tsaya. Ta ƙara masa abu ɗaya, ruwan ya riƙa dusashewa in labarin ya tsufa, don kada na jiya ya ci na yau. Babu tambaya a shafin. Kalmar lafiya ba ta fito ko sau ɗaya ba.

Saura dokar ciyaman. Sadiƙa ba ta aika a roƙe shi ba. Gidan Sodangi ba wuta kamar gidan kowa, kullum da safe da kansa yake zuwa karɓar wayarsa saboda bai yarda da ɗan aike ba. Ta juya kwamfutar tana kallon taga, ta yi kamar tana neman wayar a cikin tarin wayoyi. Ya tsaya, ya ga mashin, ya matso da fuska. Bayan sun gaisa, lafiya lau daga kowane ɓangare, ta ce tana da tambaya irin ta jahilai, a ina ne ruwa ke kashe mashin.

Ba a taɓa yi wa tsohon direba wannan tambaya ya ce yana sauri ba. Ya gyara tsayuwa. Ya ce yaran yanzu salansa suke tsoro, alhali muddin hannu na kan mai salansa tana tofar da ruwa. Ya ba ta labarin wata ƙetarawa a hanyar Madawa da ba ta tambaya ba. Daga ƙarshe ya miƙo yatsa ta taga ya ɗora a hoton, ƙasa kaɗan da filogi, inda inji ke shaƙar iska. Ya ce in ruwa ya kawo nan, ƙarfinsa ma ya isa ya ɗauke taya daga ƙasa, mai hankali sai ya juya.

"To Baba Ciyaman, in sa layi a nan, in rubuta cewa kai ka ce a juya?"

Ya janye yatsan kamar ya taɓa garwashi. "A'a, ɗiyata. Kada ki sa sunana. Gobe su ce Sodangi ya tsuhwa, ruwa yaka tsoro."

"Sunan wa za a sa?"

Ya duba tasha, inda mazaje ke zaune a kan mashina suna jiran layi, ya rasa ko ɗaya da zai ba da aron sunansa.

"A sa nawa," in ji ta. "Ni mace ce, tsoro ba ya rage mini komai a kasuwa."

Ta jawo kwamfutar ta yi ɗan rubutu, ta tura shafin a wayarsa, ta miƙa masa. Ya sa yatsa ya ja ruwan sama. Da ya haye layin da ya nuna, allon gaba ɗaya ya yi ja, manyan haruffa suka fito: "Sadiƙa ta ce a bi gada." Ya ja ƙasa, jan ya tafi. Ya ja sama, ya dawo. Ya yi ta yi, dattijo mai furfura, kamar yaro da sabuwar fitila. Da ya gaji ya sa wayar a aljihu, ya ce shi dai Maƙaryaciya ya hana, wannan kuwa ga dukkan alamu wata ce daban.

Ba a yi taro ba, ba a yi sanarwa ba. Jamaluddeen ne ya fara, don ba zai ga hoton mashin a tsaye babu ruwa ya ƙyale ba. Daga nan duk wanda ya ƙetare, kafin ya matse wandonsa ya ciro waya ya ja ruwa, sunansa ya fito a ƙasa. Wanda bai iya karatu ba ya iya ganin taya da salansa. Suna ƙarawa, ba shakka. Ruwan idon sawu yakan zama na ƙwauri. Sadiƙa ta bar su, domin ƙaryar da ke sa mutum ya yi hattara ta fi wadda ke tura shi gulbi. Ruwan dai bai taɓa kai layin Sodangi ba, kuma ita ta san ba a gwada abin ba tukuna. Nuna zurfi daban, juyawa daban.

Ranar ta zo a ƙarshen marka, ranar kasuwa, sama fes. Tasha ta cika da kaya, buhunan gero, jarkokin manja, kaji a kwando. Bawa ne a kan layi, an gama ɗaure masa gishiri da katan-katan na taliya, ya zauna ya tayar da inji. Jamaluddeen ya riga kowa fita tun da asuba kamar yadda ya saba. Sadiƙa na tagarta tana jona wayoyi sai ta ga kawuna suna sunkuyawa ɗaya bayan ɗaya. Ta duba tata. Ja ne. Ruwan ya haye layi, ya haye inji, yana lasar tanki, sunan Jamaluddeen a ƙasa.

Tashar ta yi tsit, sai ƙarar injin Bawa. Wani ya ce ai Jamalu ne, a rage rabi. Wani ya ce ko an rage rabi shi dai ya ƙetare, kuma ba ƙafa huɗu gare shi ba. Aka yi 'yar dariya mara daɗi. Sodangi yana kan bencinsa ya duƙufa yana gyaran carbi kamar bai ji ba. Idanu suka taru a kan Bawa, domin shi ne na gaba, kuma inda ya sa taya nan sauran za su sa. Daga tasha hanya biyu ce, dama mashigi, hagu gada.

Sadiƙa ta ga wuyansa ya sandare yadda ta sani. Bai dubi taga ba. Ita ma ba ta kira shi ba, ta riƙe wayar cajin da ke hannunta har ta shata mata tafi. Ya ɗaga wayarsa sama yadda kowa zai gani, ya girgiza kai, ya ja tsaki mai tsawo.

"Ku duba min wagga mata. Ta ruhe gulbi. In na bi mashigi yau, wa za shi ba ni tuwo?"

Ya murɗa mai ya karya hagu.

Abin da ya biyo baya Sadiƙa ba ta taɓa jin zagi mai daɗinsa ba. Na biyu ya ce wallahi da ba don matar Bawa ba da yanzu yana tsakiyar ruwa, ya bi hagu. Na uku ya ce mata sun karɓe ƙasa, sai haƙuri. Wani ya tsaya daidai taga ya ce Malama ita za ta biya shi mai, yana faɗa yana murmushi har kunne. Hafizullahi ya ɗaga mata hannu kawai. Ɗaya bayan ɗaya jikokin mayaƙa suka bi hanyar gada, kowa yana shaida wa na kusa da shi cewa shi fa ba tsoro ya ji ba, umarni ne. Ko mashin ɗaya bai bi dama ba. Da ƙura ta lafa Sodangi ya taso ya zo taga, ya ce a duba masa ko wayarsa ta cika, alhali tana aljihunsa.

Daga baya aka ji cewa da suka hau gada sun ga gulbin yana tafe da bishiyar gawo sukutum, saiwoyinta a sama. An ce sun rage gudu sun kalla. Jamaluddeen kuwa a ƙetare ya kwana, mashin ɗinsa a wurin bakanike, kuma a karon farko a rayuwarsa labarin da ya bayar bai kai abin da ya faru ba.

Bawa ya dawo bayan la'asar, ƙafafunsa fari fat da ƙura. Ya zauna a tabarma ya fara ƙorafi. Man da ya ƙone, ramukan hanyar gada, yadda ya tarar kasuwa ta ci rabi, yadda mai gishiri ya yi masa ciwon baki. Ya ce gaba ɗaya tasha da ita ake magana, ta ja masa suna, yanzu ko yara mijin mai rufe gulbi suke ce masa. Sadiƙa ta ce Allah ya ba shi haƙuri, laifinta ne. Ta ɗauki takalmansa za ta kai ƙofa, ta juya su ta duba. A bushe suke ƙamas. Ta ajiye su, ta koma ta ƙara masa miya.